Darbejiyar Tsohuwar Tasha

Ni dai ban taɓa ɗaukar shafin ɗan majalisarmu a bakin komai ba. Mutumin da in ka je ofishinsa iyakarka gaisawa da mai gadi, wai shi ne yanzu yake roƙon shawara a Fesbuk. Ya saka zanen sabuwar kasuwar da za a gina a filin tsohuwar tasha, ya ce kowa ya faɗi abin da yake so a gyara. Na yi tsaki, zan koma kan keken ɗinkina ke nan sai na sake duba zanen. Babu darbejiyar nan ta bakin tasha a ciki.

Babanmu tsohon direba ne. Bayan rasuwar Inna ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta yi masa nauyi, kuma ba ya yarda a kai shi ko'ina sai gindin bishiyar nan. Kullum da safe ni nake tura shi a kujerarsa mai taya, in ajiye shi cikin tsofaffin abokan aikinsa. Su yi ta musun wanda ya fi iya tuƙi a zamaninsu, shi kuma yana dariya da rabin baki. Na san in aka sare ta ɗaki zai shige, ba zai ƙara fitowa ba.

Da na faɗa masa, sai ya nuna wayata da lafiyayyen hannunsa. Na ce masa waɗannan mutanen neman suna kawai suke yi, ba mai saurare. Ya ƙi sauke hannun. Haka na ɗauke shi bidiyo, hularsa a karkace, yana kokawa da harshensa har maganar ta fito.

"A bar mana... inuwar."

Na tura ina fargabar a yi masa dariya. Kafin la'asar wayata ta ɗau zafi saboda yawan masu martani. Wata malamar asibiti ta saka hotonta da akwatin ƙarfe a gindin bishiyar, ranar da za ta fara tafiya makarantar kwana. Wani ya ce a nan ya fara ganin matarsa, matar ta biyo shi ta ce ƙarya yake, ita ta riga ganinsa. Wani daga ƙasar waje ya rubuta cewa a nan ya yi sallama da ƙaninsa, ba su sake haɗuwa ba. Na ajiye ɗinkin mutane ina ta karantawa. Ni da na zaci inuwar ta 'yan tsofaffi ce kawai, ashe rabin garin nan ya bar wani abu a ƙarƙashinta.

Washegari ɗan majalisar ya fito kai tsaye a Fesbuk da sabon zane, darbejiya a tsakiya, benci kewaye da ita. Ko don Allah ya yi ko don ƙuri'a, shi ya sani. Na dai ji muryarsa ta ɗan yi rawa da ya maimaita maganar Baba.

Na ruga tasha in yi albishir, na tarar tsofaffin sun taru wuri ɗaya, wani tsohon kwandasta yana riƙe wa Baba waya. Hoto ne ɗan kwandastan ya tono ya saka: Baba yana saurayi, ya jingina da sabuwar bas yana ƙuri. Can bayansa, a gindin bishiyar, wata mace ce tsaye da kwanon abinci ɗaure a ɗankwali, ta rufe baki tana dariya. Inna ce. Ba mu da hotonta na ƙuruciya ko ɗaya, domin ita in ta ga mai hoto guduwa take yi.

Na durƙusa na ce, "Baba, an bar bishiyar."

Bai ɗago ba. Ya ɗora yatsa a kan fuskarta, a hankali, ya ce, "Kullum... a nan take jirana."