Jelar Alfadara

A garinmu San Juan de los Lagos, duk wanda Allah ya kuɓutar daga wata masifa, wurin Doña Otilia yake zuwa. Zai zauna a bencin ƙofar shagonta ya ba ta labari, ita kuma ta zana abin a kan ɗan fallen kwano, ya kai coci ya rataye don godiya ga Budurwa Maryamu. Da wannan sana'a ta raini 'ya'yanta bayan rasuwar mijinta. Ita ke yanka kwanon, ta kankare tsatsa, ta shafa farin fenti ta shanya a rana. Yatsunta duk tabo ne.

Bayan ruwan da aka tafka a watan Agusta, wani manomi mai suna Fermín ya zo, hularsa a hannu.

"Doña, kogi ya so ya cinye mu, ni da ƙanena Anacleto. Ki zana ni na damƙo wuyan rigarsa ina jawo shi. Shi kuma ki wangale masa baki, don ihu yake ta yi kamar akuya."

Ta ce to. Ba a jima ba sai ga Anacleto, bai san yayansa ya riga shi ba.

"Ki zana yadda na ceci Yaya. Da wannan tumbin nasa, ba don ni ba ai da yanzu yana teku."

Otilia ta ci gaba da wanke buroshi. Aiki biyu ya fi ɗaya kawo kuɗi, ga rufin ɗakinta yana yoyo. Amma abin da za a rataye a gaban Budurwa, ba ta son ƙarya a cikinsa. Washegari ta ɗauki mayafinta ta gangara bakin kogi, inda ta tarar da Eufemia mai wanki, wadda aka yi abin a idonta.

Eufemia ta yi dariya har sabulu ya suɓuce mata. "Waɗannan? Alfadararsu ce ta fito da su! Kowa ya kama jelarta yana kiran sunan uwarsa."

Otilia ta koma ta duƙufa. Ruwan ne ya fi ba ta wahala, don ambaliya ba shuɗiya ba ce, sai da ta yi ta haɗa ja da ruwan ƙasa kafin ya yi mata. Da fentin ya bushe ta aika a kira su tare.

Suka tsaya suna kallo. Ga alfadara ta miƙa wuya tana iyo, ga ƙatti biyu a bayanta, baki a wangale, ga Budurwa a sama cikin gajimare.

Fermín ya sosa ƙeya. "Ko ba komai dai ni na fara kama jelar."

"Haba Yaya, ƙafata ka fara kamawa!"

"Rufe mana baki, marar kunya."

Anacleto ya matso da fuskarsa kusa da kwanon, ya daɗe yana duban dabbar. Da ya yi magana, muryarsa ta yi sanyi.

"Doña, kunnenta na hagu a tsage yake. Tun tana ƙarama waya ta yanke ta."

Otilia ta ɗauki siririn buroshi ta tsaga kunnen. Suka biya ta tare, Fermín ya ƙara mata da cuku ɗaya na gidansa. Suka nufi coci, kowa ya riƙe gefe guda don kada fentin ya goge, suna tafe suna gardamar wanda zai buga ƙusa.

A benci kuwa wata mata tana jira, da jariri a hannu da nata labarin.