Kafaɗar Sulle

"Ƙarya kake yi, Babarbare! Shinkafar ko tafasa ba ta yi ba."

Sulle ne ya jefo maganar tun daga ƙofar zaure, kafin ma ya yi sallama. Ya jingine sandarsa, ya ja gurguwar ƙafarsa ya ratsa masu dubiya, ya zauna dab da kan maƙwabcinsa Ɗanmaliki, wanda ke kwance a tabarma an tokare masa baya da matashi. Ciwon ƙirji ya cinye mutumin nan har ƙasusuwan wuyansa sun fito, amma bakin yana nan yadda aka san shi.

"Ku ji mini bawan nan," in ji Ɗanmaliki yana haki. "Ubangidansa na magana yana tsoma baki. Na ce ta tafasa, har gishirinta na ɗanɗana."

Masu dubiya suka kwashe da dariya, don babu wanda bai haddace labarin ba a wannan unguwa ta Ƙaraye. Lokacin yaƙin basasa rana ɗaya suka shiga soja. Sulle ya baro shanun ubansa a Kafin Dafga, Ɗanmaliki ya rufe keken ɗinkinsa da tsumma. Aka kwashe su zuwa can gabas, wani ƙauye mai dogayen itatuwan kwakwar manja, wanda har gobe ba su iya faɗin sunansa daidai ba. Wata safiya an ɗora tukunyar shinkafa ke nan, sojojin Biyafara suka faɗo musu daga dajin ƙetaren rafi. Nakiya ta tashi, harsashi ya yi ta zuba, kowa ya kifa cikinsa a laka. Kafin mai addu'a ya kai ƙarshen addu'arsa an kore su sun koma daji, sun bar mutum biyu kwance a bakin ruwa, samari ramammu da ko gemu ba su fara ba. Wannan wurin kam ba sa wasa da shi. In labari ya zo nan sai ɗayansu ya ce Allah kada ya maimaita mana.

Iyakar yaƙin da suka gani da idonsu ke nan, amma ya ishe su hira har tsufa. A nan Sulle ya sami harsashi a cinya, Ɗanmaliki ya saɓa shi a kafaɗa ya haura tudu da shi har inda motar asibiti take.

To, Bafillace da Babarbare abokan wasa ne tun kaka da kakanni, kowa na kiran ɗan'uwansa bawansa. Maimakon godiya, Sulle sai ya mai da abin makami. "Wa ke ɗaukar wani in ba bawa ba?" in ji shi. "Ni na hau, shi ya ɗauka, magana ta ƙare." Da aka sallame su ma ya sayar da rabonsa na shanu ya sayi gidan da ke jikin na Ɗanmaliki, wai ya zo ne ya sa ido a kan dukiyarsa. Shekara ashirin da ɗoriya Ɗanmaliki na neman amsar da za ta rufe bakin nan, bai samu ba.

Ran nan kuwa sai ya ɗaga yatsa, idonsa na ƙyalli.

"Fillo, na samo ta. Ka ce wanda ya ɗauki wani shi ne bawa, ko?"

"Na faɗa, na kuma faɗa."

"Jama'a, ku shaida. To, ran da na cika, kai za ka kama makarata tun daga ƙofar nan har kushewa. Ka ɗauka, ka zama bawa da bakinka. Ka ƙi, duniya ta ce Fillo butulu ne. Ga shi kuma ba na nan balle ka rama."

Zaure ya kaure da shewa, har Laure matar Ɗanmaliki ta leƙo ta ce a yi a hankali kada tari ya taso masa. Sulle ya yi dariya har ya riƙe ciki.

"Da wannan ƙafar, mugu?"

"Ni da na ɗauko ka harsashi na bin ɗuwawunmu, na tsaya duba ƙafa ne? Nauyi kamar an cika buhu da dutse. Duk nonon da ka sha tun kana yaro, a wuyana ya ƙare."

Sulle ya goge idonsa da bakin riga, aka ɗauka hawayen dariya ne. Gaskiyar magana, tun ranar rafin nan yake jin kafaɗar mutumin a ƙarƙashin cikinsa, kuma babu abin da yake so a duniya irin ya ɗauke shi ko sau ɗaya. Kunya ce ta hana shi faɗa, shi ya sa ya ɓuya a bayan tsokana.

Ranar kasuwar Rogo Ɗanmaliki ya tashi da kwaɗayin mazarƙwaila. Ba ta Ƙaraye ba, ta Rogo, mai duhun nan da ke narkewa a harshe. Ɗansa Lurwanu ya ce zai hau babur ya sayo, ya ce a'a, yana da bawa.

"Aiken farko ke nan, don ka fara sabawa."

"Zan je ne saboda tausayi," in ji Sulle, "kada a ce na bar dabbata da yunwa."

Ya hau akori-kura ya tafi yana mita, ransa fes, don ya ga mutumin ya sha koko da safe har ya nemi ƙari. A kasuwa ya zagaya masu mazarƙwaila yana ɗanɗanawa yana kushewa, sai da ya zaɓi wadda ta fi kowacce duhu, aka naɗe masa a takarda ya zura a aljihu. Yana juyowa ya ci karo da Lukumanu direba, ɗan unguwarsu, wanda ya zo lodin masara.

"Baba Sulle, kana nan ashe? Ana ta neman ka a gida." Lukumanu ya cire hularsa ya mai da. "Sai haƙuri, Baba. Allah ya yi wa Baba Ɗanmaliki rasuwa da hantsin nan. An ce ana idar da azahar za a kai shi."

Sulle ya yi salati, ya sake yi. Sa'an nan ya dubi rana, ya ga ta kusa tsakiya, ga kuma hadari ya fara haɗowa daga gabas. Gawa ba ta jiran kowa, ya sani, balle a ƙarshen damina irin wannan.

"Lukumanu, ka san abin da ke kaina."

"Duk gari an sani, Baba. Hau."

Lukumanu ya bar rabin masarar a ƙasa, mai ita na ta kumfar baki, suka kama hanya. A wani kwari motar ta kafe a taɓo, fasinja suka sauka turi, Sulle ma ya jefar da sanda a bayan mota ya sa kafaɗa. "Baba, ka adana kafaɗar nan, da sauran aiki gabanta," in ji wani. Sulle bai san lokacin da dariya ta kufce masa ba.

Sun iso an riga an ja sahu a ƙofar gida. Ya kutsa da taɓonsa har gwiwa, aka yi sallar gawa da shi. Ana sallamewa samari suka yi caa a kan makara, kowa na son lada. Sulle ya miƙa hannu, sai Lurwanu ya tare shi a hankali, ya rusuna.

"Baba, don Allah ka yi haƙuri. Wasa ne kuka yi, kowa ya sani. Dubi hadarin nan, ga nisa, ga ƙafarka. In makara ta karkace fa? Ka taɓa ta kawai, ya wadatar."

Liman ma ya gyaɗa kai yana duban sama. Sulle ya tsaya hannu a miƙe. Yaron bai yi ƙarya ba, kuma ba a jayayya a kan gawa. Zuciyarsa ta karye, bai taɓa jin ya tsani ƙafar nan irin yau ba.

Sai ga muryar Laure daga bayan ƙyauren zaure, a dushe saboda kuka, amma kowa ya ji ta.

"Lurwanu! Malam ya bar saƙo. Ya ce a ba Malam Sulle hannun dama na gaba, kada wanda ya karɓe shi har a isa. Ya ce in liman ya yi maganar hadari, a gaya masa shi ba sauri yake yi ba."

Wani dattijo ya toshe baki da rawani don danne dariya. Liman ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa, ya ce, "Allah ya jiƙan Ɗanmaliki. A ba shi."

Sulle ya sa kafaɗa, aka ɗaga. Abin da ya fara ba shi mamaki rashin nauyi ne, ashe ƙaton nan da ya haura tudu da shi ya koma kamar damin kara. A garin nan da sassarfa ake kai gawa, masu bi na haɗawa da gudu. Ran nan kuwa sai makara ta ɗauki tafiyar Sulle, ta dangala ta miƙe, ta dangala ta miƙe. Sauran ukun suka ga ba dama sai sun bi takunsa, na bayansu ma haka, har jama'ar nan kaf ta koma tafiyar gurgu ba tare da ta sani ba. Mata na leƙe ta kan katanga, masu shago na miƙewa tsaye. Ana ta karɓar sauran kusurwoyi uku, wannan ya ba wannan, tasa kuwa ba wanda ya kusanta.

Gumi ya jiƙa shi, cinyar na zugi kamar ranar da aka harbe ta, amma wani daɗi ya cika masa ƙirji wanda rabonsa da irinsa tun ranar da aka ce yaƙi ya ƙare. Da suka kusa maƙabarta, dattijon nan mai rawani ya matso kusa da kunnensa.

"Sannu da aiki, bawan Barebari."

"Na karɓa," in ji Sulle. "Ka gaya wa kowa na karɓa."

Ruwan bai sauko ba sai da aka gama rufe kabari, shi ma yayyafi ne, mutane suka ce rahama ce.

Da la'asar sakaliya ya tsaya a bakin zaure ya yi wa Laure gaisuwa daga waje. Ta amsa, sa'an nan ta ce, "Ka san ba mazarƙwailar yake so ba. Tun asuba ya ji jikinsa. Ya ce Fillo ba ya son a ga kukansa, gara a aike shi."

Sulle ya juya. Ya koma dakalin da suke zama su biyu, ya zauna a gefensa na kullum, ya bar ɗaya gefen. Sai a lokacin ya tuna sandarsa tana can bayan motar Lukumanu. Ya laluba aljihu ya fito da ƙunshin, takardar ta jiƙe ta manne. Ya ɓantari kaɗan ya sa a baki, ya ajiye sauran a inda Ɗanmaliki ke zama. Yana tsotsa yana murmushi, hannunsa ɗaya na shafa kafaɗar dama, inda itacen makara ya bar masa sawu a riga.