Aron Hannun Jarin Pantelis

A gabana suka tafa, a shagon kofi na bakin tashar jiragen ruwan Kavala. Fotis, dillali ne a kasuwar hannun jari ta Atina, ya zo wa kawunsa Pantelis da zance.

"Aro ne fa, Kawu, ba sayarwa ba. Jarinka na kwance kamar tsohon jaki. Ka ba mutanena aronsa, duk wata la'ada ta shigo, ƙarshen shekara ya dawo maka cif."

"Su kuma me za su yi da shi, ɗan nema?"

"Harkar kasuwa. Sha kofinka."

Pantelis ke da kashi ɗaya cikin huɗu na kamfanin kifin gwangwani da ubansu ya bari. Yayansa Lambros ke riƙe da masana'antar, ita ke ciyar da rabin unguwarmu.

Ni ban yi boko ba, amma na san mutanen Fotis. Su ari jari su sayar yau, su jira farashi ya faɗi, su saye shi da araha su mayar wa mai shi. Faɗuwarka ce abincinsu.

Kasuwa kuwa tana bayyana yawan jarin da aka ara aka sayar a kan kowane kamfani. Kafin a gama tsinkar zaitun, adadin na kamfanin su Pantelis ya yi tsalle. Masu ƙananan jari suka gani, suka ce manya sun ji warin gawa, kowa ya zubar da nasa, farashi ya faɗi. Manajan banki ma ya gani. Ya hana Lambros rancen sayen kifin bana.

Lambros ya same mu ni da Pantelis muna karta. Bai zauna ba.

"Ba a bina ko sisi, injina lafiya lau," ya ce. "Amma na tambaya. Duk jarin da ke hannun bare bai kai abin da aka ara ba. Daga cikin gida ya fito."

Ya tsura wa ƙanensa ido. Pantelis ya ce, "Aro ne, Yaya."

"Allah ya amfana."

Fotis bai yi ƙarya ba. Jarin ya dawo, ko ɗaya bai ɓace ba, sai dai duka ba zai sayi tsohon kwalekwale ba. Mutanen Fotis suka kwashi riba, shi ya sauya mota. Pantelis ya ci la'adar 'yan watanni. Lambros ya kulle masana'anta, matan da ke feɗe kifi suka koma gida. Ran bikin Ista, ragon da 'yan'uwan suka saba gasawa tare, kowa ya gasa nasa.