Ƙibar Auta a Allon Ghali

Inna Baturiya ta rantse tun ranar da autanta Mujitaba ya tafi karatu Zariya: in ta ji ya rame, da kanta za ta je ta kamo hannunsa ya dawo Ɗansoshiya ya yi noma. Kowa ya san Inna, ba ta rantsuwar wasa.

To, Mujitaba ya rame. Wuyansa ya koma kamar muciya, ga jarrabawa ta matso. Shi ya sa da ya ji za ta je shagon kwamfutar yayansa Ghali a Kiru don ta gan shi ta kiran bidiyo, ya bugo waya har da kukan roƙo.

"Yaya, ka rufa mini asiri."

Ghali ya ce ya kwantar da hankalinsa, ya kuma faɗa masa dabarar da zai yi. Allon kwamfutarsa yana da wani ciwo da ya gagari masu gyara: in hoto yana cikin ƙaramar taga, daidai yake fitowa, amma da an buɗe tagar ta cika allo sai komai ya baje ta gefe. Akuya ma in ta shiga sai ta fito saniya.

Inna ta sauka daga acaɓa da buhu niƙi-niƙi: ƙuli-ƙuli, garin ɗanwake, man shanu, zumar Doguwa da soyayyun zabi biyu, duk na aika wa Auta. Kafin ta gama gyara mayafi Ghali ya danna, taga ta cika allo. Sai ga Mujitaba da kumatu suntuma-suntuma, kai ka ce dillalin hatsi ne.

"Inna, ina wuni?"

"Lafiya lau. Ikon Allah! Auta, kai ne haka? Me suke ba ku a can?"

"Shinkafa, Inna," in ji shi, yana haɗiyar yawu.

Ghali ya sunkuyar da kai, dariya na cin sa. Aiki ya yi kyau, har ya wuce gona da iri, domin Inna ta juya ta dubi buhunta, ta sake duban allo, ta girgiza kai.

"A'a. Wannan in aka ƙara masa man shanu ai ƙofa ba za ta ɗauke shi ba. Kai," ta ce da Ghali, don ba ta kiran sunan ɗan fari, "kai ne abin tausayi. Kwance buhun nan ka ci."

Ghali mutum ne mai biyayya, musamman a irin wannan wuri. Ya zaro cinyar zabo ya kafa mata haƙori a gaban kyamara. Mujitaba, wanda rabonsa da nama tun babbar salla, yana kallo. Ya daure a cinya ta farko. Da ya ga hannu ya koma buhu, sai ya manta da jarrabawa, ya manta da noma.

"Yaya, ka rage ni! Don girman Allah ka mayar da ni ƙaramar taga!"

Ghali ya kai hannu zai rage sauti, maiƙo ya sa yatsansa ya zame ya faɗa kan maɓallin da ke kusurwa. Fuf! Taga ta tsuke. Dillalin hatsi ya ɓace, aka bar wani siririn yaro a tsakiyar allo, daga ido sai kunne.

Inna ta matso da kujera, ta sa yatsa ta shafa wuyan nan a jikin gilashi, idonta ya kawo ruwa. Tausayi ya kama ta, haushi kuma ya fi shi yawa.

"Inna, jarrabawa ta kusa," in ji Mujitaba a hankali. "Kar ki dawo da ni."

Ta fizge ragowar zabon daga hannun Ghali, ta ɗaure bakin buhu tamau.

"Na ce zan je, kuma zan je. Amma ban faɗi ranar dawowa ba. Auta, ka nemo mini tabarma da murhu. Zan zauna a Zariya har sai ka cika allon nan da kanka, ba wanda ya danna maka komai."