Farin da Dogo Ya Cire

Duk Asabar da yamma, ɗakin da ke ƙarshen hawa na sama a laburaren da nake aiki yakan cika da musu. Ni na buɗe wannan zama, bayan na gaji da ganin matasa suna leƙowa, su hangi kantoci cike da littattafan da rabon da a taɓa su tun kafin a haife su, su juya su tafi. Na ce kowa ya zo da labarin zanen da yake karantawa. Ban san yaƙi na gayyato ba. Ɗakin ya rabu biyu. Masu son na Jafan suna zama gefen taga da littattafansu na baƙi da fari. Masu son na Koriya kuma suna jikin bango inda soket yake, don nasu a waya ake karanta shi.

Jagoran 'yan taga shi ne Dogo, wanda yake aiki a shagon ɗab'i, kullum da tabon tawada a gefen yatsansa. Jagorar 'yan bango kuwa ƙanwata ce, Auta.

"Ki duba nan," in ji Dogo, ya tura mata littafi a buɗe. "Baƙar tawada kawai, amma sai kin ji ruwan saman nan yana dukan kafaɗarki. Mai zanen nan bulo-bulo ya zana bangon. Naku fa? A yi wa saurayi haɓa kamar bakin allura, a watsa masa kala a baya, wai an zana gari ke nan."

"To ka gama karanta shi kuwa?" in ji Auta. "Tun kana firamare yaron littafin nan yake cewa zai zama gwarzo. Yanzu ga shi ka fara sanƙo, shi bai gama atisaye ba."

Ɗaki ya kwashe da dariya. Dogo ya shafa kansa.

"Ai atisayen ne daɗin. Ki ga ya faɗi, ki ga ya tashi, ranar da ya yi nasara ke ma da guminki a ciki. Naku kuwa ya mutu a babi na ɗaya, ya farka a babi na biyu ya fi kowa ƙarfi a duniya. Ko ciwon baya bai yi ba."

"Wannan kam suna yi, ban musa ba. Amma ni a cikin bas, a tsaye, hannu ɗaya riƙe da ƙarfe, da babban yatsa nake karanta nawa. Kai sai ka nemi teburi, ka fara daga bayan littafi, ka bi dama zuwa hagu, ka ɓace a tsakiyar shafi. Kuma kar mu je ga yadda suke zana 'yan mata, don na ga yadda kake rufe shafin in Yaya ta zo wucewa."

"Iska ce take rufe shi."

Ni dai dukkansu burge ni suke yi. Mai zanen Jafan ya san abin da zai ɓoye a bayan shafi, ya bar ka ka buɗe da hannunka ka ci karo da shi. Mai zanen Koriya ba shi da shafi, doguwar hanya ce ɗaya daga sama zuwa ƙasa, sai ya riƙe ka da tazara: ya bar wuri fari fat, kana ta jan yatsa ba ka ga komai ba, zuciyarka tana bugawa. Waɗannan yara sun gane duk wannan ba tare da wani ya koya musu ba, amma manyan da ke hawan ƙasa suna kiransa wasan yara, alhali ba ɗayansu da ya taɓa buɗe ko guda.

Abin da ɗakin bai sani ba sai daga baya shi ne, Auta ma tana zanawa. Ta daɗe tana yi a ɓoye, a kan wayarta, da wani alƙalami mai bakin roba. Labari ɗaya ta gama, kuma namu ne na gida.

Babanmu direban motar asibiti ne. A shekarar annoba ya ƙi hawowa wurinmu, don kada ya kawo mana cuta. Ya koma kwana a wani ɗan ɗaki a ƙasan benen da muke haya, kusa da inda ake ajiye motoci. Auta ce take zura masa abinci a kwando, da igiya, daga baranda. Rumfunan maƙwabta sun tare ƙasa, ba ta iya ganinsa. In kwandon ya isa, sai Baba ya ja igiyar, ta san yana nan. Wata rana kwandon ya sauka, ta jira, ba a ja ba. Wannan jiran ta zana. A sama hannunta yana sakin igiya. A ƙasa can, hannun Baba, wanda ashe barci ne ya kwashe shi don gajiya. Tsakaninsu kuwa babu komai sai fari mai tsawon gaske, da siririn layi ɗaya yana sauka.

Sai da na yi ta lallashinta kafin ta yarda a nuna shi a ranar baje kolin laburare. Ko Baba bai gani ba. Ta ce ranar take so ya gani.

Shugaban laburare ya ba mu allunan sanarwa biyu a bakin ƙofa, waɗanda ake liƙa jadawalin hutu. Dogo ya ce a bar masa aikin bugawa, kyauta ce daga 'yan taga zuwa ga abokan gaba. Asabar ɗin da ta rage kafin baje kolin ya shigo da ambulan babba, yana murmushi, ya baje takardun a kan teburi.

Aikin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Kalar ta fito ras. Ya jera zanen gida-gida, huɗu a kowane shafi, daidai faɗin allo. Auta ta bi su da ido, ta ɗaga wannan, ta ɗaga wancan.

"Ina igiyar?"

"Ga ta nan a hannun yarinyar."

"Ina sauran? Ina farin?"

"Au, wurin da ba komai? Ai na cire shi. Layi ɗaya ne kawai a farar takarda, na ɗauka tazara ce ta waya. Da na bar shi, allo goma ma ba zai ɗauka ba."

Na duba shafin. Ga hannun Auta yana sakin kwando, ga hannun Baba yana karɓa, gefe da gefe, ko ɗan yatsa ba zai shiga tsakaninsu ba. Kafin ka ji tsoro ka riga ka ga ƙarshen.

Auta ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan. Ta tattara takardun ta mayar masa a ambulan.

"Ka yanke mini tsorona, Dogo. Abin da na zana ke nan, sauran duk rakiya ce." Ta juyo gare ni. "Yaya, a bar shi kawai. A sa jadawalin hutu. Dama a wayata yake, can zai zauna."

Na san Auta. In ta ce abu zai zauna, to ya zauna ke nan, har da alƙalamin.

Dogo ya bi ta da kallo har ta fita, sannan ya karɓi wayata, inda ta turo mini labarin, ya buɗe shi kamar yadda ta zana shi. Ya fara jan yatsa. Ya ja, ya ja, ya ƙara ja. Da hannun Baba ya bayyana sai ya ajiye wayar a hankali.

"Malama, ni ne nake cika baki da abin da ake ɓoyewa a bayan shafi. Ita ba ta da shafi, sai ta ɓoye shi a ƙarƙashin fari. Ni kuma na zo da almakashi."

"Kana da takarda mai tsawo a shagonku?"

"Akwai naɗin takardar da muke buga wa masu zanen gini. Amma a ina za a rataye abu mai tsawon bene?"

Muna tsaye a bakin ƙofar ɗakin, ga matakala a gabanmu, da ramin da ke tsakiyarta tun daga sama har ƙasa. Muka kalle shi tare.

Ranar Litinin na shiga ofishin Shugaba.

"Matakala kuma? Malama, ai allo muka saba."

"Yallaɓai, mun saba da lif ɗin da ba ya aiki ma. Sabo ba hujja ba ce."

"Ki dai yi magana a hankali. Ba a liƙa komai a bango, an yi fenti."

"Ba za mu taɓa bango ba. A ƙarfen sama za mu ɗaure, ya sauka ta tsakiya."

"In wani ya faɗi yana kallon katun fa?"

"Za su hau ta matakalar baya, su sauko ta wannan, ni zan tsaya a kai. Yallaɓai, bara mutum nawa suka wuce hawa na ɗaya ranar baje koli? Sun sha lemo a ƙasa, sun sa hannu, sun tafi. Muna da littattafai a sama waɗanda gizo-gizo ne kaɗai ya san sunansu. Ga yarinya ta yi abin da zai sa mutane su hau da ƙafarsu, mu kuma muna cewa ta rage shi ya yi daidai da allon jadawali. Don me kullum abu mai rai ne zai rage kansa saboda katako?"

Ya cire tabarau ya goge, ya daɗe yana gogewa.

"Ke dai ba kya gajiya. In fenti ya ɓare, ke kika sani."

Auta ce ta fi wuyar shawo kai. Sai da Dogo ya zo har gida da naɗin a kafaɗa kamar mai tallar darduma, ya warware shi a falo, ya bi ta ƙofa, ya shige kicin, bai ƙare ba. Mama ta tsallake shi da tire a hannu tana tambaya ko yadin ɗinki ne. Auta ta durƙusa ta bi siririn layin da yatsa. Ko kaɗan bai rage ba. Kwafi biyu ya buga ya manna baya da baya, don a iya karantawa ta kowane gefen matakala.

"Abu ɗaya nake roƙo," in ji shi. "Zanen ƙarshe, hannun Baba, kar ya rataya a fili. Akwai ginshiƙi a ƙasa bayan kwanar ƙarshe. Mu kai layin can, sai mutum ya juya kafin ya gani. Ki ba ni shafi ɗaya tak in buɗe."

Auta ta harare shi. "Wato sai ka cusa Jafan a ciki."

"Kaɗan. Kamar gishiri."

Ranar baje kolin, mutane suka yi layi a matakalar baya. Ina tsaye a sama ina sakin su kaɗan-kaɗan. Suna farawa da surutu, suna nuna kalar barandar da tufafin da aka shanya. In sun kai farin sai muryoyi su ɗauke, ka dinga jin takun takalma kawai yana sauka. Wata mata ta tsaya a tsakiya ta ɗago kai ta ce, "Don Allah ku gaya mini yana nan," 'yan taga da 'yan bango suka haɗa baki suka ce ta dai sauka. Shugaba da kansa ya bi layi, wai fenti zai duba.

Baba ya iso daga wurin aiki da rigar aikinsa. Ba mu gaya masa komai ba sai cewa Auta ta yi zane. Ya tsaya a kan zanen farko, ya ga baranda, ya ga kwandon, ya kalli Auta. Ba ta iya kallonsa ba. Ya kama ƙarfe ya fara sauka, a hankali saboda gwiwarsa.

Auta ta matsa inda aka ɗaure takardar, ta ɗora hannu a kan igiyar ɗaurin. Daga nan ba a hango ginshiƙin. Muka ji takunsa yana nisa, ya tsaya, ya ci gaba, ya kuma tsayawa. Daga baya ba mu ƙara jin komai ba. Dogo yana gefe yana murza tabon yatsansa kamar yau ya fara ganinsa.

"Yaya, ya daɗe," in ji ta.

"Bari dai."

Sai takardar ta motsa tun daga ƙasa, motsin ya hauro hawa-hawa har ya iso igiyar da ke ƙarƙashin tafin hannunta. Auta ta damƙe ta, ta ja ita ma.