Tattasan Maharazu

Tun Maharazu na da rai Badamasi bai taɓa yarda da motar nan ba. Tsohuwar akwala ce wadda sai an lallashe ta take tashi, kuma mai ita kaɗai ya san yadda ake lallashin. To, mai ita ya riga mu gidan gaskiya, ya bar matarsa Barira, ƙanwar Badamasi, cikin takaba, ya bar gona can wajen Bunkure tana jiran dashe. Aikin ya faɗo kan Badamasi, wanda tasa gonar ma da ƙyar gwiwoyinsa ke kai shi. Bai yi ƙorafi a fili ba, amma a ransa kullum fata yake wani ya zo ya sauke masa wannan kaya.

Akwai wani tattasai da Maharazu ya yi shekaru yana zaɓe. Duk kaka sai ya ware manyan 'ya'ya masu kaurin fata, ya shanya, ya ƙulle irin a tsumma. Abin da ya rage a ƙullin bayan rasuwarsa bai fi cikin tafi ba, kuma Barira ta zuba shi kaf a ɗan gadon shuka da ta yi a bayan ɗakinta, tunda fita ba ta kamace ta ba. Da buta take ba shi ruwa safe da yamma, ta kewaye shi da ƙaya saboda kaji. Ko abinci ba ta ci sosai, amma irin nan bai taɓa kwana da ƙishi ba. In ya lalace shi ke nan, babu wani a gidan kowa.

Ranar dashe aka tuge shi da sassafe, aka ɗaure dami-dami, aka naɗe a jiƙaƙƙen buhun algarara. Irin tumatirin da aka sayo a kasuwa Badamasi ya loda shi a but, ya ɗauko buhun tattasan zai ɗora a kai, sai ya ji muryar Barira daga cikin zaure.

"Yaya, don Allah kar ka sa na Malam a baya. Rana za ta dake shi. Sa shi a gaba, a ƙasa, wurin ajiye ƙafa."

"Tumatirin ma ai rai gare shi, Barira, ga shi can."

"Ni dai a gaba, Yaya."

Bai ja ba. Ya kwantar da buhun inda ta ce, jijiyoyi a ƙasa, ganye a sama, ya tayar da mota bayan ta gama yi masa yanga.

Bai yi nisa da Kura ba, a kan jar hanyar da ke bin gefen kanal, allurar zafi ta fara hawa. Ya tsaya, ya ɗaga bonet, ya jira inji ya huce, ya buɗe murfin lagireto da tsumma. Wayam. Ya ɗauki galan ya gangara bakin kanal yana dafa gwiwa, ya ɗebo, ya ɗura. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi, ko ɗigo babu a ƙasa. Kafin ya tashi ya duba buhun ta taga, ya gan shi sharkaf, har ruwa ya ɗan taru a wurin. Wannan kam ya yi masa daɗi, ya ce ko ba komai tattasan ba zai bushe ba.

Haka suka yi ta yi, shi da motar. Ta ɗan yi tafiya ta nemi ruwa, ya gangara ya ɗebo, ta shanye, ya rasa inda take kai shi. Rana ta take, rigarsa ta manne da bayansa. Masu babur ɗauke da buhunan taki suna wucewa suna yi masa sannu, shi kuwa amsawar ma aiki ce.

A wata mararraba, ƙarƙashin darbejiya, ya tarar da Jaji mai gyaran injin ban-ruwa, sa'ansa ne kuma abokin wasa, zaune cikin tarkacen ƙarafa.

"Kai aka bar wa gadon wahala ke nan?" in ji Jaji.

"Bar ni da abin da ya ishe ni. Ruwa take sha kamar raƙumi, kuma ban ga inda take zubarwa ba."

Jaji ya taso yana miƙa. Ya sa Badamasi ya cika lagireto ya tayar da inji. Ya matsa manyan tiyo biyu, na sama da na ƙasa, ba su da tsaga. Fanka na juyawa. Ya zaro sandar auna baƙin mai ya murza a yatsa, man baƙi ƙirin, bai koma kamar koko ba. Ya zagaya ya duba salansa, babu farin hayaƙi.

"Gode wa Allah, gaskit bai ƙone ba," ya ce. "Amma ruwa ba ya ɓata haka kawai. Ko a gona in fangali ya ƙi cika, wani wuri ne ya ɓalle."

Ya sake sunkuyawa, ya bi wasu siraran tiyo biyu da hannu har inda suka shige jikin motar, suka nufi ciki.

"Waɗannan na hita ne, abin ɗumama mota na mutanen ƙasashen sanyi. Ruwan inji ne ke bi ta ciki da zafinsa. Mu nan da me zai amfane mu?"

Ya zagayo ya buɗe ƙofar gaba, ya miƙa hannu zai janye buhun, sai ya fizge hannun yana yarfewa. Ya kalli Badamasi. Badamasi ya matso. Can ƙarƙashin allon gaba, ruwa mai launin tsatsa yana tsiyaya, tururi na tashi, kuma kan buhun yake sauka. Duk galan ɗin da ya sha wahalar ɗebowa tun safe, nan ya ƙare bayan ya tafasa.

Ya fito da buhun ya warware a inuwa. Ganyen saman kore shar, kamar ba abin da ya faru. Jijiyoyin da karan kuwa sun yi laushi kamar dafaffen alayyafo, in ka taɓa fatar sai ta saɓule. Ya bi dami ɗaya bayan ɗaya, a hankali, yana neman ko da tsiro guda da ya tsira. Bai samu ba. Ya zauna a kan wata tsohuwar taya.

"Rashin sani ya fi dare duhu," in ji Jaji a hankali. "Wa ya ce ka ajiye a nan?"

"Gyara motar kawai, Jaji. Kuma abin da ka gani ya tsaya a nan."

Gyaran bai kai shan kofin shayi ba, abin da ya fi ƙona wa Badamasi rai ke nan. Jaji ya zare tiyon biyu, ya haɗa bakinsu da guntun bututu daga cikin tarkacensa, ya ɗaure da waya ya bi da roba. Aka cika lagireto, allura ta tsaya a tsakiya ta yi zamanta har gona.

Bayan la'asar, yana tare da masu dashe suna saka tumatir, wayarsa ta yi ƙara. Barira ce. Ya hau kan gaɓa ya tsaya yana kallon sunanta. Ya san ƙanwarsa sarai. In ta ji inda buhun ya dahu, za ta ce bakinta ne ya kashe abu na ƙarshe da mijinta ya bari, ta zauna da wannan a ɗaki ita kaɗai har takaba ta ƙare, har bayanta ma.

"Yaya, sannu da aiki. An dasa na Malam?"

"Barira, na yi miki laifi." Ya juya wa masu dashe baya. "Da na fita gari sai na mayar da shi but, don in sami wurin ajiye galan. Mota ta lalace a rana, na shagala da gyara. Ya ƙone."

Yana jin kukan kajinta ta cikin wayar.

"Duka, Yaya?"

"Duka."

"To. Haka Allah ya so." Muryarta ba hawa ba sauka, kamar da baƙo take magana. "Na ɗora maka aiki ya yi yawa. Gobe ka aiko da makullin motar, zan ba ƙanen Malam ya ci gaba da gonar."

"To, Barira."

Ta kashe wayar. An sauke masa kayan da ya daɗe yana so a sauke, amma bai ji sauƙin komai ba, sai wani ciwo a ƙirji da ya fi na gwiwa. Ya tsaya har ɗaya daga cikin masu dashe ya tambaye shi ko lafiya. Ya ce lafiya lau, ya gangara cikin laka, ya ɗauki damin tumatir na gaba.