Haƙorin da ke Ƙasan Ido

Sau huɗu ke nan Magagi tela yana kai zare bakin allurar kekensa, zaren yana wucewa ta gefe. Ya lashi bakin zaren, ya murza shi, ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa ƙarfen keke. Sunkuyawar nan ita ta jawo masa. Ciwon ya taso daga haƙori ya harbi ido, ya zarce tsakiyar kai, sai da ya saki zaren ya dafe tebur da hannu biyu.

Kwana tara yana fama. Haƙorin sama ne, fiƙar gefen dama, wadda ta daɗe da rami yana lallaɓa ta. Ya sa kanumfari, ya sa garin taba da kanwa, ya sha ƙwayoyin masu yawo da magani a tire, ja da fari da ruwan ɗorawa, ko sunansu ba ya tambaya. Shekaranjiya wani bakanike ya ba shi shawarar ruwan batir. Kuma Magagi, mutumin da duk layin teloli na kasuwar Filingue suke zuwa neman shawara a wurinsa, ya ɗiga ruwan batir a auduga ya cusa a baki. Abin da ya samu shi ne dasashi ya saɓule, kunci ya tashi kamar an cusa masa lemo. Yau da safe kumburin ya haura har ƙasan ido, ya mai da idon ɗan tsagi.

Idon ke nan kuwa, babu wani. Na hagu ya mutu tun yana saurayi, ranar da karan gero ya tsokane shi a gonarsu ta wajen Damana, ya bar shi fari fat. Da na dama ya koyi ɗinki, da shi ya baro gona ya dawo gari, ya yi aure, yake ci da mutum shida. In ya zauna wa wuyan riga, masu ido biyu ma tsayawa suke yi su kalla.

Matarsa Hamida ta iso da kwanon kunu, don ya kwana biyar ba ya iya tauna. Ta ɗaga labulen shago, haske ya faɗa masa a fuska, sai ta yi salati ta ajiye kwanon a ƙasa.

"Baban Ummul, ka ga huskakka kuwa?"

"Na gani."

"Da mi kag gani? Idon ma ya kusa shigewa. Lokotoron haƙori da sunka zo daga Yamai, yau ɗai ta rage masu, gobe da sahe su koma. An hwaɗi ga rediyo."

"Su koma lahiya."

"Tashi mu tahi."

"Hamida, na sama na," ya ce, maganar tana fita ta gefe ɗaya na bakinsa. "Kin sani na sama na. Da na ƙasa na, ni da kaina za ni kama shi in hisge."

Ba Magagi ya ƙirƙiro maganar ba. Tun yana yaro yake jin ta a ko'ina cikin ƙasarsu ta Kurfai: haƙorin sama jijiyarsu ɗaya da ido, in an cire shi gani ya bi shi. Shi kuma ba ji kawai ya yi ba. Ƙanen mahaifinsa, Baba Sule, wanzami ya cire masa na sama a kasuwar Baleyara, kafin damina ta zagayo yana laluben bango. Shekara goma sha ɗaya ya yi a zaune a ƙofar gida, kaji suna cin tuwo a kwanonsa bai sani ba. Cewa tsohon ya haura saba'in, kuma yanar ido ta fara rufe masa gani tun kafin wanzami ya taɓa shi, wannan babu wanda ya taɓa kawo shi cikin zance.

Hamida ta tsaya tana kallonsa, hannu a ƙugu. Ita ma ta san labarin Baba Sule, ita ma tana tsoro, amma tsoronta faɗa yake zama.

"Ka hana a ɗebe shi don kada shi tahi da ido. To ga shi nan zaune cikin bakinka shina cin idon. Sa zaren ga in gani. In ka sa, wallahi in koma gida in yi kurum."

Ya ɗauki zaren. Ya daidaita numfashi, ya karkata kai, ya nemi kafar allura ta cikin ɗan tsagin da ya rage masa. Allurar ta zama biyu, ta narke, ruwa ya cika idon. Ya sake. Ya sake. Hannun da ya yi shekara ashirin da biyar yana sa zare ko da magariba ta yi, yau ya kasa. Hawaye ya gangaro ta kan kumburin, kuma shi kansa bai san na ciwo ne ko na baƙin ciki ba.

Hamida ta sauke hannu daga ƙugu. Ta ɗauko takalmansa ta ajiye masa a gaba.

Tafiyar asibiti ba ta da nisa, amma Magagi ya mai da ita doguwa. Yana tafe yana tsayawa, yana kallon komai kamar mai sallama: jan tumatir a faifan mata, koren ƙofar masallaci, amalanken jaki da aka yi wa lodin kara har ba a ganin jakin, duwatsun da suke can bayan gari waɗanda ya yi shekaru bai ɗaga kai ya dube su ba. Da suka zo mararrabar da ke zuwa gidansu sai ya ja tunga.

"Mu biya gida in ga ɗiya."

"A'a."

"Minti biyar. In ga Ummul, in ga ƙannenta. Hamida, don Allah."

"In ka shiga ɗaki ka sa sakata, wa za ya hiddo ka? Ka gan su in mun komo."

Ta faɗi haka tana kallon wani wuri, ba ta yarda sun haɗa ido ba. Ya bi ta.

A harabar asibiti an jera benci a ƙarƙashin dogonyaro, mutane sun kai talatin, kusan kowa da hannu a kunci. Ba wanda ya tsara zaman, amma ya tsaru. Masu ciwon haƙorin ƙasa suna gaba, suna shiga suna fita, har da masu hira. Masu na sama kuwa sun tattaru a bencin ƙarshe, dab da ƙofar fita, tun safe kowa yana yi wa ɗan'uwansa kara wai shi ya fara shiga. Ba a taɓa ganin ladabi irin na wannan benci ba.

Wani tsoho mai rawani, wanda ya ce sunansa Albarka, daga wani ƙauyen Tondikandiya ya taso tun asuba, ya matsa ya ba su wuri. Kuncinsa na hagu a kumbure yake, yana jin warin bakinsa da kansa, don haka yake magana da gefen rawani a baki.

"Na sama ko na ƙasa?"

"Na sama."

Tsohon ya dubi farin idon, ya dubi mai kumburin, ya girgiza kai. "Kai, ɗana. Kai ko ka yi ƙarhin hali."

Ko zama Magagi bai gama yi ba, majo, babban ma'aikacin jinya, ya fito da takarda a hannu. Ya hango fuskar daga nesa, ya ajiye kiran suna, ya nufo shi.

"Kai, taso. Wanga ba ya jiran layi."

Mutanen bencin ƙarshe suka bi shi da kallo. Magagi ya ji idanunsu a bayansa, ya ji muryar Albarka ƙasa-ƙasa tana cewa, "To, mu ga yadda tashi za ta ƙare."

Likitar, wadda a nan ake ce wa lokotoro, yarinya ce, ba za ta wuce talatin ba, Najiba aka rubuta a aljihun rigarta. Hausarta da ɗan karin Zabarmanci. Ta kwantar da shi a kujerar da suka zo da ita daga Yamai, ta haska bakin, ta tambaye shi abin da ya sa. Da ya ce ruwan batir, sai ta rufe ido na ɗan lokaci, ta buɗe, ba ta yi masa faɗa ba. Ta sa babban yatsa ta ɗaga fatar idonsa, ta haska da tocila.

"Baba, idonka lafiya lau. Mugunya ce ta taru daga tushen haƙori ta hau sama. In na cire yau, ta samu hanya ta fita. In aka bar ta kwana biyu, uku, ita za ta shiga idon, ko ta wuce ciki inda ba na iya bin ta."

"Ki kashe shi ki bar shi nan. Ki goge shi, ki yanke rabi, ki yi abin da kuka yi. Kada dai ki tuge shi."

"Babu abin da ya rage da za a gyara. Ruɓa ta ci, batir ya ƙarasa."

"To ki rantse mani."

"Ba na rantsuwa a kan aiki. Amma na cire na sama ya fi dubu, ba wanda ya makance."

"Cikinsu akwai mai ido guda?"

Ta dubi farin idon. Sannan ta ce, "Babu."

Da ta yi masa ƙarya, da ya tashi ya fita. Gaskiyar ce ta danne shi a kujera. Ta ci gaba, don ta kwantar masa da hankali, ta nuna masa hoton da suka manna a bango, na wata mata mai fararen haƙora, ta ce in ya warke ya zo Yamai a sa masa wani, ba mai gane na roba ne.

"Ɗiyata," ya ce, "ido hwa? Kuna sa wani?"

Ta juya tana zuƙar ruwan allura. Magagi ya ga gabansa ya toshe, bayansa ya toshe. In ya tashi, ido ya tafi. In ya zauna, ido ya tafi. Bai taɓa jin kaɗaici irin na wannan kujera ba. Ya miƙa hannu yana laluben iska.

"Hamida. Zo ki tsaya nan gabana. Ja gyalen baya."

Ta zo ta tsaya a ƙafafun kujerar, ta ja gyalen. Ya kafa mata ɗan tsagin idonsa, yana kallon goshinta, da tabon da ke haɓarta, da furfura uku da ta fito mata a gaba wadda bai san da ita ba. Bakinta yana motsi da addu'a. Allura ta shiga dasashi, zafinta ya ratsa har kunne, bai ɗauke ido ba. Sai da ƙarfe ya kama haƙorin, ya ji ƙas a cikin ƙashin kansa, wani ruwa mai ɗumi da wari ya cika masa baki, sannan ya runtse.

"An gama," in ji likita. Ta tatse wurin, ta wanke, ta cusa masa auduga. "Cije. Awa guda ba magana, ba tofar da yawu. Majo zai yi maka allura, ga takardar magani. Kumburin sai ya kwana uku."

Magagi ya buɗe ido. Bai buɗu ba. Ya sake yunƙurawa, fatar ta yi nauyi, ta manne, babu ko ɗigon haske. Ya yi wani gurnani ya damƙi hannun kujera.

"Kumburi ne, Baba, da ruwan allura. Zai sauka."

Ya ji ta. Amma me za ta ce dama? Haka wanzami ya ce wa Baba Sule. Ko allurar majo bai ji shigarta ba. Hamida ta kama hannunsa ta ɗaga shi, ta ce ga ƙofa, ga matakala, ɗaga ƙafa. Ya bi ta yana jan takalmi, ɗaya hannun a gaba yana lalube.

Da suka fito harabar, salati ya tashi daga bencin ƙarshe.

"Da ganinshi ya shiga!" Muryar Albarka ce. "Da ganinshi, jama'a, gabanmu!"

"Kumburi na!" Hamida ta daka masu tsawa. "Lokotoro ta ce kumburi na!"

Magagi ya ji benci yana ƙara, ya ji ana karkaɗe riguna, takalma suna nufar ƙofa. Ya zauna daɓas a gindin dogonyaro. Ya daɗe da hannu a saman fuska, ya kasa taɓawa, don muddin bai gwada ba akwai sauran fata. Can ya yi bisimilla a zuci, ya sa yatsa biyu ya ɓanɓare fatar idon da ƙarfi.

Haske ya soke shi. Ruwa ya kwaranyo, ya share. Ga ƙasa, ga busassun ganye, ga tururuwa tana jan wani abu, ga yatsun ƙafar Hamida. Ya fizgo zanenta yana nuna idon yana gyaɗa kai. Ta durƙusa ta leƙa, ta gane, ta fashe da kuka a gaban mutane, ita da bai taɓa ganin hawayenta ba ko a wurin haihuwa.

Ta saman kafaɗarta ya hango bencin ƙarshe. Ba kowa a kai. Mutum bakwai ko takwas suna fita ta ƙofar asibiti, kowa da hannu a kunci, tsoho Albarka a bayansu yana ɗingishi. Magagi ya yunƙura zai kira shi, audugar ta zame, jini ya biyo ta gefen baki. Hamida ta sa tafin hannu ta tokare masa haɓa.

"Awa guda, tac ce."

Ya nuna mata ƙofa, ya sake nunawa.

"Bar su," ta ce, tana share fuska da gyale. "Kai dai cije."

Majo ya fito yana kiran suna, ya kira sau biyu ba a amsa ba, ya tsallake zuwa na gaba. Magagi ya zauna da baki a rufe, yatsa biyu riƙe da fatar ido, yana kallon rawanin Albarka har ya sha kwanar katanga.